Tokuzo da Bishiyar Kaki Mai Yajin Haihuwa

In dai zancen lambu ne, a ƙauyenmu ba a tayar da shi a gaban Tokuzo, sai in mutum ba shi da aikin yi ranar. Shekara talatin da shida ya yi yana raba wasiƙu a kan babur, amma in ka tambaye shi sana'arsa, ce maka zai yi shi gwanin gyaran itatuwa ne, a birnin Kyoto, inda lambuna suka yi suna, ya koyo. Gaskiyar maganar, wadda kowa ya sani, ita ce yana saurayi ya taɓa yin mako biyu yana sharar ganye a wani lambu can, aka sallame shi bayan ya karya musu tsintsiya uku. Sai dai mako biyun nan girma suke yi a bakinsa kamar kabewa. Bara shekara biyu ne, bana sun kai biyar.

A tsakar gidansa akwai bishiyar kaki, mai 'ya'ya masu zaƙi da siffar tumatir, wadda mahaifinsa ya dasa ranar da aka haife shi. Tun tasowarmu, duk kaka sai ta yi 'ya'ya jajur har rassa su sunkuya, matarsa Fusae ta feraye su, ta jera a igiya ƙarƙashin rufi su bushe, ta bi gida-gida tana rabawa. Shekara uku da suka wuce Tokuzo ya ajiye aiki, ya sayi almakashi mai jan hannu da tsani mai ƙafa uku. Tun daga nan bishiya ta shiga yaji, ko ɗa ɗaya ba ta ƙara yi ba. Duk ƙarshen sanyi sai ya hau ya bi bakin rassa yana datsewa ɗaya bayan ɗaya har ta koma kamar kan sabon soja, ya sauko, ya ja da baya, ya karkata kai ya ce, "Haka ake yi a Kyoto."

Wata safiya, dusar ƙanƙara ta fara narkewa da rana tana sake daskarewa da yamma, suna zaune ƙafafunsu cikin bargon da ya lulluɓe gajeren teburinsu mai abin ɗumama ƙafa a ƙasa, Fusae ta ajiye kofin shayi ta ce, "Baban Michiru, 'yarka ta bugo. Aikinta ya dawo kusa, gida za ta zauna, kuma ba inda za ta ajiye mota sai gurin bishiyar nan."

"Wace bishiya?"

"Guda nawa gare mu? Cewa ta yi a sare yanzu. Ni na roƙar mata zuwa kaka. In ta yi 'ya'ya, ta sha. In ba ta yi ba, sai masu zarto."

Tokuzo ya ajiye kwanon shinkafarsa. Duk cika bakinsa, bishiyar nan yana sonta tsakani da gaskiya. A jikinta mahaifinsa yake auna tsawonsa, a gindinta mahaifiyarsa ta yi zaman tsufanta. Jin zancen zarto ya tsorata shi, amma da yake shi ne, sai tsoron ya fito masa ta baki a matsayin fankama.

"A sare? Ina raye? Ke dai ki tanadi igiya. Bana sai kin nemi 'yan taya firar kaki."

"In dai igiya ce tana nan tun shekara uku. Ka ajiye almakashin nan kawai. Kaki a bakin reshe take yin 'ya'ya, kai kuma bakin reshen kake bi kana yankewa."

"Ka ji mata! A ina kika yi karatun itace?"

"A wajen mahaifiyarka."

"Ita ta je Kyoto?"

Fusae ta kwashe kwanuka ta yi kicin. Shi kuwa nan take ya tsara dabararsa hawa uku: zai ciyar da bishiyar, ya tsorata ta, sannan ya yi mata askin da ba a taɓa gani ba.

Ya fito da diga zai haƙa ramin taki. A irin wannan lokaci kowa a ƙauyen yana can yana ɗan aikinsa a hankali, wani na kwance igiyoyin da aka ɗaure rassa da su saboda nauyin ƙanƙara, wani na wasa lauje, wani na jiran rana ta ɗaga ƙasa ta saki. Tokuzo ba ya jira. Ya ɗaga diga ya buga, ƙasa ta ce ƙwal, hannunsa ya ɗauki rawa har kafaɗa.

Maƙwabcinsa Sahei, manomin shinkafa, wanda suke tsokanar juna tun suna 'yan firamare, ya ɗora haɓa a kan shinge.

"Gwani, ina kwana. Zinariya ake nema?"

"Taki zan zuba. Kai dai ka kalla ka koya, ba a biya."

"Matsa hagu kaɗan. Nan ta wajen ne aka bi da bututun ruwanku."

"Ni da gidana za ka nuna mini hagu da dama?"

Ya tofa yawu a hannu, ya tattara ƙarfinsa duka ya saki diga. Wannan karon ƙasa ta buɗe, har ta buɗe fiye da yadda ya roƙa. Ruwa ya yi tsiri sama, ya tsige masa hula, ya sauko masa ta ƙeya cikin riga. Daga kicin aka jiyo Fusae: "Baban Michiru! Famfo ya ɗauke!"

"Bai ɗauke ba, Fusae," in ji Sahei, "ya dai canza mazauni."

Tokuzo yana tsaye haƙoransa na kaɗawa ya ce da gangan ya yi, saiwa yake jiƙawa tun daga ƙasa. Kafin mai gyaran famfo ya iso daga gari, tsakar gida ta zama tafki. Kafin wayewar gari, tafkin ya zama madubi, tun daga bakin ƙofa har gindin bishiya. Fusae ta ce a barbaɗa toka. Ya ce toka ɓata kyan lambu take yi, kada wanda ya taɓa masa.

Saura takin kansa. Mutane tunkuzar mai da kashin kaji suke zuba wa itatuwa, amma Tokuzo ya ce wannan abincin itacen talaka ne. Ya tare motar mai kifi ya karɓo kawuna da kayan ciki bokiti biyu. Rami kuwa ya daskare, ba halin binnewa, sai ya juye su a gindin bishiya ya rufa musu tabarmar kara. Da hantsi magen farko ta iso. Kafin azahar duk magunan ƙauyen sun hallara, har da wasu baƙi da ba a san masu su ba, suna zamewa a kan ƙanƙara suna karo da juna suna faɗa. Hankaki suka cika rassa. Wani ya ɗauki kan kifi ya tashi, ya ga ya yi masa nauyi, ya sake shi a kan katifar da Iya Tome ta shanya.

Iya Tome ta ba tamanin baya, gajeriya ce kamar turmi, amma bakinta ya fi almakashin Tokuzo kaifi. Ta zo da sandarta da kan kifin a tsinke.

"Tokuzo, wannan naka ne?"

"Iya, ai aikin lambu ne na zamani."

"Zamanin ne ya ce ka aiko mini da miya ta sama? Ni na yi wa uwarka unguwarzoma, ka fito da kuka, har yau bakin bai rufu ba. Bishiya tana lafiya ƙalau ka bi ka dame ta."

"Ki bari ki gani ranar sha biyar ga wata, Iya."

"Me za a yi ranar, ruwan kaguwa?"

Ranar sha biyar ga watan farko na tsohuwar kalanda ita ce ranar da iyayenmu suke titsiye itatuwa. Mutum ɗaya zai riƙe ɗan gatari ya ɗan sari bawon bishiya ya ce, "Za ki haihu ko ba za ki haihu ba? In ba za ki haihu ba in sare ki." Wani kuma ya ɓuya a bayanta ya amsa da muryarta, "Zan haihu, zan haihu." Sai a shafa wa inda aka sara faten shinkafa da jan wake, a ba ta haƙuri, sauran faten kowa ya sha. An daɗe da dainawa. Tokuzo ya rubuta a allon sanarwa da ke zagaya gida-gida cewa zai farfaɗo da al'adar, kowa ya zo ya ga yadda gwanaye suke yi. Da can yara ne suke amsawa, to yanzu ƙauyen ba yara, duk suna birni. Sahei ya ce shi zai zama bakin bishiya. Saurin da ya yi wajen yarda ya isa ya sa mai hankali ya sha jinin jikinsa, amma Tokuzo har godiya ya yi masa.

Ranar kuwa aka wayi gari rana ta fito tas, sanyi na yanka kunne. Mutum ya fi ashirin suka jeru a bakin shinge, ba wanda ya yarda ya taka tsakar gidan. Fusae ta fito da tukunyar fate tana tururi ta ajiye a dandamalin ƙofa. Sahei ya rarrafa ya ɓuya a bayan bishiya. Sai ga Tokuzo ya fito da gajeriyar rigar biki, ya ɗaure goshi da ƙyalle, ya naɗe ƙugu da faffaɗar ɗamarar mahaifinsa, almakashi a soke a gefe. Maimakon ɗan gatari, gatarin faskare ya saɓo.

"Wannan kuma fa?" in ji Iya Tome. "Tsoratarwa aka ce ko jana'iza?"

"Yajin shekara uku, Iya, ƙaramin gatari ba zai ji da shi ba."

Ya tako a hankali yana buɗa ƙafa kamar agwagwa har ya isa. Ya gyara murya, ya ɗaga gatari.

"Za ki haihu ko ba za ki haihu ba? In ba za ki haihu ba in sare ki!"

Can sai wata siririyar murya ta fito daga bayan bishiya: "Sai na yi shawara."

Dariya ta ɓarke. Tokuzo ya leƙa ya yi raɗa da ƙarfi, "Sahei, ba haka ake cewa ba!"

"Ni ba Sahei ba ce, ni kaki ce. Wa ke magana? Wanzamin nan ne?"

"Za ki haihu ko ba za ki haihu ba!"

"Da me zan haihu? Da kan kifi? An ce maka ni mage ce?"

Wani tsoho ya saki shinge don dariya, sai da aka taro shi. Kunnuwan Tokuzo suka yi ja. Ya ja da baya taku biyu don ya kai wa iska sara mai ban tsoro, ya manta abin da yake takawa. Gatari ya tafi dama, ƙafafu suka tafi hagu. Gatarin ya yi juyi biyu a sama ya kafe a ƙofar rumbunsa, shi kuma ya zauna daɓas, ya yi katantanwa sau uku a kan ƙanƙara, ya tsaya yana fuskantar jama'a.

"Wannan ma na Kyoto ne, Gwani?" in ji bishiya.

Da wani ne da ya shige ɗaki ya ja ƙofa. Tokuzo ya miƙe yana dafe da ƙugu ya ce tunda bishiya ta zaɓi rashin kunya a gaban mutane, to a gaban mutane za ta sha aski. Ya jawo tsaninsa mai ƙafa uku ya kafa a kan ƙanƙara.

"Baban Michiru, kada ka hau," in ji Fusae.

"Kai yaro," in ji Iya Tome, "ba a taka reshen kaki, ɓallewa yake kamar karan dawa. Ko wannan ba su koya maka ba a mako biyun?"

"Shekara biyar, Iya."

Ya hau. Ya kai matakin ƙarshe, ya zaro almakashi, ya miƙa hannu ga bakin reshen farko. A daidai nan ƙafar tsani ta uku ta fara tafiyarta, a hankali, ba gaggawa, jama'a na binta da ido. Tsani ya baje, ya ƙwale shi a goshi a hanyarsa ta zuwa ƙasa. Tokuzo ya wawuri iska. Bai faɗo ba. Wani guntun reshe, cikin waɗanda shi da kansa ya dungule bara, ya saƙale ɗamararsa ta baya. Ga shi nan yana lilo, kai ƙasa-ƙasa, rigar biki ta zazzago ta rufe masa fuska, almakashi har yanzu a hannu.

"Af," in ji Iya Tome, "ashe ta haihu. Ɗa ɗaya, amma ƙato."

"Ku taimake ni! Sahei! Tsani!"

Sahei ya so ya tashi, dariya da santsi suka hana shi. Fusae ce ta shiga kicin ta fito da bokitin toka ta watsa hanya. Maza suka ruga suka kwaso katifu, har da ta Iya Tome mai ƙarnin kifi, suka jibga guda biyar a ƙarƙashinsa. Ko ya faɗo yanzu, bai fi ya yi atishawa ba. Amma shi bai sani ba, riga ta rufe masa ido. Za su yi masa magana, Fusae ta ɗora yatsa a leɓe. Ta zagaya bayan bishiya, ta ture Sahei gefe, ta tsaya a gurinsa.

Reshe ya ce ƙiiii.

"Tokuzo," in ji wata murya daga bayan bishiya, a nitse. "Za ka daina aske ni ko ba za ka daina ba? In ba za ka daina ba in sake ka."

"Fusae, wannan ba lokacin wasa ba ne!"

"Fusae tana wajen tukunya. Ni ce sa'arka, rana ɗaya muka zo gidan nan. Za ka daina ko ba za ka daina ba?"

"To, a bar ni in riƙa rage rabi. Rabi kawai, don kyan gani."

Reshe ya ƙara cewa ƙiiii, wannan karon har da ɗan ɓas.

"Kwata! Kwata ma ya isa!"

"Shekara sittin da biyar ina yi muku 'ya'ya ba wanda ya koya mini," in ji muryar, kuma yanzu ba wasa a cikinta. "Babanka bai taɓa taɓa mini bakin reshe ba. Mahaifiyarka 'ya'yana ta nema a ciwonta na ƙarshe, ka hau ka tsinko mata da hannunka. Yanzu saboda taurin kanka za a kawo mini zarto, kai kuma ka zauna kana kallon mota a gurina. Haka kake so?"

Dariyar jama'a ta lafa. Daga cikin rigar aka ji Tokuzo ya ja hanci, kuma ba sanyi ne ya sa shi ba.

"Ba haka nake so ba," ya ce a hankali.

"To za ka daina ko ba za ka daina ba?"

"Na daina."

"Ba mu ji ba!" in ji Sahei, jama'a suka ɗauka.

"Na daina, na daina!"

"Saki almakashin."

Ya saki. Iya Tome ta jawo shi da kan sandarta ta miƙa wa Fusae. Kamar jira reshen yake, ya ce ɓas. Tokuzo ya ƙwalla ihun ban kwana da duniya, ya faɗa kan katifu tim, ya ci gaba da ihu har sai da Sahei ya yaye masa rigar daga fuska. Ya dubi katifu, ya dubi jama'a, ya dubi matarsa da take soke almakashinsa a ɗamararta.

"To, saura fate," in ji Iya Tome. "Wanda aka ji wa ciwo ake shafa wa. Bishiya ko ƙwarzane babu." Ta ɗebo cokali guda ta manna masa a kan ƙulun goshinsa. "Yi haƙuri, ka ji. Ka yi albarka bana."

Nan aka zauna a dandamali aka shanye tukunyar, Tokuzo na tsakiya, jan wake na gangaro masa ta gefen hanci. Kafin a kai kwano na biyu har ya fara bayyana wa na kusa da shi cewa irin wannan faɗuwa ma sai an koya.

Da bazara bishiya ta yi toho yadda ta ga dama, ba tsari, ba kyan gani. Da kaka kuwa sai da aka tokare rassa da gora. Michiru ta dawo, ta dubi bishiya, ta tsinki ɗaya, ta je ta roƙi Sahei gurin ajiye mota a gefen rumbunsa. Igiyoyin Fusae na shekara uku suka ƙare, aka aro na Iya Tome. Duk wanda ya zo wucewa sai Tokuzo ya tare shi a bakin shinge ya nuna masa jerin kaki ƙarƙashin rufi.

"Ka gani? Tsoro ta ji. Gatari ɗaya na nuna mata. Haka ake yi a Kyoto."

"Haka ne, Gwani," in ji Sahei daga gidansa. "Duk mun ji wanda ya ce na daina."

Fusae tana zaune a dandamali tana firar kaki, almakashi mai jan hannu a gefenta, da shi take yanka igiya. Ta tashi ɗauko shayi ta bar shi a nan. Tokuzo ya dubi almakashi, ya dubi wani reshe da ya fito zaƙo-zaƙo ya ɓata masa tsari, ya waiga bai ga kowa ba. Ya miƙa hannu a hankali. Iska ta ɗan kaɗa, reshe ya ce ƙiiii a saman kansa.

Da Fusae ta fito ta tarar da shi hannu biyu a baya, ya matsa can ƙarshen dandamali.

"Lafiya, Baban Michiru?"

"Lafiya ƙalau. Miƙo mini wuƙa in taya ki fira."